Gwaggo Mai Ji da Haƙora

Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun daga yaye, ta rasu a Filinge ranar da aka yi ruwan shuka. Ban samu jana'izarta ba. Ina Baleyara, inda nake koyar da fizik a kolej, ruwa kuma ya tare hanya, sai washegari na samu motar da ta kawo ni. Na tarar da gida maƙil, mata a tsakar gida bisa tabarmi, maza a zaure har ƙofar gida, kowa yana ba da labarin irin Gwaggon da ya sani.

Wata tsohuwa, ƙawarta ta kasuwa, tana share hawaye da bakin mayafi tana cewa, "Baiwar Allah! Kunne babu, amma ba a taɓa yi mata ƙwange ga awo ba."

Ta kusa da ita ta karɓe. "Wa yac ce miki kunne babu? Matad da ta san abin da anka yi Yamai tun ba a sauke tukunya ba? Abin da taka so shi taka ji. Allah dai shi jiƙan ta."

Maƙwabciyarmu Bazabarma ba ta shiga gardamar ba. Hannuna ta riƙe ta ce, "Kala suru, ɗiyata. Sai haƙuri."

Na lura akwai wata magana da ake yi ƙasa-ƙasa, wadda da na matso sai a koma zancen ruwa da iri. Surukar Gwaggo, matar ɗanta, wadda ta yi jinyarta, ko ido ba ta son haɗawa da ni. Na ɗauka gajiya ce.

Baba ya iso daga Abijan bayan an yi sadakar uku. Shekara da shekaru ke nan shi da yayarsa ba sa ga maciji. Ya rame, yana tari, ya zauna a kusurwar zaure yana amsa gaisuwa da ka. Aka kai masa fura, ta dawo. Aka kai tuwo, ya dawo yadda aka kai shi. Bayan azahar, da maza suka ɗan ragu, na je na durƙusa gabansa.

"Baba, in ba ka ci ba mi za ya riƙe ka?"

"Da wane baki za ni ci, ɗiyata?" in ji shi. "Na kira ta ga salula tana gargara, na roƙe ta gahwara. Na yi ta magana, ba ta ce mini ƙala ba. Daga baya ɗanta yac ce mini ko kunne ba ta kai salular ba. Cizon ta tay yi. Ta sa haƙora ta datse, har ta bar shaida. Yaya ta tahi da hushina."

Allah ya yafe mini, dariya ce ta kuɓuce mini, a gidan makoki, a gaban mahaifina. Dariya da hawaye a haɗe. Tun da na ji rasuwar nan wani dutse ke zaune a ƙirjina, na cewa mutanen nan biyu sun rabu ba su shirya ba, sai na ji an ɗauke shi. Baba ya dube ni kamar wadda ta zautu. Yana da gaskiya, domin bai san yayarsa yadda na san ta ba, haka ma masu gardamar tsakar gida. Shi ya sa nake rubuta wannan, kada a binne ta da sunan mai kurumtar gangan.

Tun tana budurwa kunnen Gwaggo ya fara nauyi, kafin in yi wayo ya kusa toshewa. Sai ka tsaya gabanta ka ɗaga murya, tana kallon bakinka. Amma kurumtarta ta ƙi bin ƙa'idar da mutane suka sani. An saba kurma da ihu yake magana, ita kuwa muryarta ƙasa-ƙasa ce kamar ta mai gulma. In an ce ta ɗaga sai ta ce, "Ni da nika jin kaina awa ganga, ku ka son in ƙara?" A kasuwa, inda kowa ke buɗe maƙogwaro, ta fi ji a kan cikin ɗaki. Da wannan ne rabin unguwa suka yanke mata hukunci cewa kurumtar gangan take yi.

Tsakaninta da takalmi kuwa gaba ce. A gida ba ta sawa ko rana ta gasa ƙasa. Tana tsaye tana tankaɗe sai ta ce, "Ku kama awakin nan, shanu na tahe." Mu masu kunne mu yi kasaƙe ba mu ji komai ba, can sai ga garken da ake korawa kasuwa ya cika lungu. Ta tafin ƙafa take jin su. Ta san dakan kowace mace da ke jikin katangarmu. "Amaryar gidan can yau da hushi taka daka," in ji ta, da yamma kuwa sai ka ji an kira manya sulhu.

Ina yarinya babu abin da nake tsoro kamar tsawa. Da an yi walƙiya sai in shige zaninta. Sai ta ɗora tafina a kan ƙyauren ɗaki ta ce in jira, can ƙarar ta iso tana jan ƙafa, ƙyauren ya yi rawa a hannuna. "Kin ji ta? To ta wuce ki. Tsawad da kij ji ba taki ba ta. Wadda za ta ɗauki mutum ba ta sallama." Har yau da wannan maganar nake fara darasin da nake nuna wa yara cewa haske ya fi sauti sauri, kuma har yau ita nake faɗa wa kaina in labari mai tayar da hankali ya same ni.

Ba zan ce waliyyiya ce ba. Taurin kanta ya ishi mutum goma, kuma ta tsani a ji tausayinta. In magana ta wuce ta ba za ta taɓa cewa a maimaita ba, sai ta gyaɗa kai ta ce, "Allah shi kyauta," don ta lura kusan kowane labari yana karɓar wannan amsa. Ranar da aka zo mata da albishir ɗin haihuwar tagwaye ma abin da ta ce ke nan.

Asirinta na gano shi ne ina ƙaramar lakwal, wato firamare. Mushe, malaminmu, ba shi da lafiya aka sallame mu da wuri, na turo ƙofar ɗakinta babu sallama. Tana zaune a bakin gado, ƙaramin rediyon marigayi mijinta a kan kujera. Ta kife ludayin duma a bakin rediyon, ta datse ƙarshen mariƙin da haƙora, idonta a rufe, tana sauraren labaran rana. Da ta buɗe ido ta gan ni, mafici ne ya fara isowa kaina.

"In kin hwaɗi ma wani, sai na yanke miki kunne guda, mu zama mu biyu!"

Da fushin ya sauka sai ta jawo ni, ta toshe mini kunnuwa da yatsunta, ta ce in ciza. Na ciza. Sai ga mai labarai yana magana a tsakiyar kaina, tar, kamar a can yake haya. Ta ce ita ma tsautsayi ne ya nuna mata, wata rana tana shan fura ludayin ya jingina da rediyo. Na tambaye ta don me take ɓoyewa.

"Babbar mace da ludayi ga baki awa akuya da takunkumi? Yaran garin ga su yi mini waƙa? Surukaina su gani?"

Ta sa na yi mata alkawari, na kuwa riƙe. Da salula ta shigo gari na saya mata ƙarama mai maɓallai da rigar roba. In na kira sai ta kori kowa ta tura ƙyaure, ta ƙure ƙarar, ta ciji kusurwar ta saurara, ta zare ta ba ni amsa, ta mayar. Mutanen gida suna cewa ni da ita asiri muke ƙullawa.

Ludayin nan shi ya kai ni fizik. Abin da nake koya wa yara yau shi ne, sauti girgiza ce mai tafiya. Ba iskar bakin mai magana ce ke tasowa ta zo kunnenka ba, motsin ne ake miƙawa daga wannan zuwa wancan. Ka dubi gonar hatsi in iska ta taso: kana ganin kaɗawar tana gudu daga wannan iyaka zuwa waccan, amma kowane kara yana nan inda aka shuka shi. Girgizar nan tana bin iska, tana bin itace da ƙashi da ƙasa, kuma a abu mai tauri ta fi sauri. Shanun da Gwaggo ke ji a ƙafa da girgizar ƙasar da na'urori ke kamawa daga wata nahiya, hanyarsu ɗaya. Muryar mai labarai kuwa ba a sauti take zuwa daga Yamai ba, hawa take yi bisa wata igiya 'yar'uwar haske, wadda ba ta buƙatar iska, rediyo ne ke mayar da ita girgiza.

Na taɓa lallaɓa ta zuwa wajen likitan kunne a Yamai. Ya buga wani ƙarfe mai baki biyu ya kawo kusa da kunnenta, shiru. Ya ɗora gindin ƙarfen a ƙashin bayan kunnen, ta zabura har ɗankwalinta ya zame. Ya ce ƙananan ƙasusuwan da ke miƙa sauti ne suka sandare, can ciki lafiya lau, kuma ana iya aiki. Ta ce wuƙa ba za ta shiga kanta ba, ta miƙe. A motar dawowa na yi ta mata bayanin igiyoyin nan a saitin fuskarta. Ta saurara da idonta har na gama, sannan ta ce, "Ashe sirrina kika hwaɗi ma ɗiyan mutane, Madam." Na rantse mata ban taɓa cewa ga mai ludayin ba.

Rigimarta da Baba a kan Inna ce, mahaifiyarsu. Inna ta tsufa ƙwarai, tana hannun Gwaggo. Wata safiya ta zame a ɗaki ta faɗi. Gwaggo tana bayan gida tana daka, ta ba ɗakin baya, ƙasa kuma cike da bugun taɓaryarta. Inna ta yi ta kira, ta yi ta kira, har maƙwabciya ta ji ta katanga ta zagayo. Ƙugu ya karye, ba ta sake tashi ba, a damanar waccan shekara ta rasu. Baba ya zo daga Abijan da zafin rashi. A tsakar gida, gaban dangi, ya dubi yayarsa ya ce:

"Labarin radiyo bai wuce ki, na kasuwa bai wuce ki, sai kiran uwarki ka wuce ki?"

Bakinsa take kallo, don haka wannan ba ta wuce ta ba. Ta miƙe, ta naɗe tabarmarta, ta shige ɗaki. Na bi ta ina kuka, na ce ta bar ni in nuna masa ludayin, maganar ta mutu a nan.

"Ƙanen da na goya?" in ji ta da muryar nan tata mai sanyi. "In sai an gwada mishi ludayi kahin shi yarda da ni, shi riƙe zarginai."

Na ji haushinsu su biyun, har yanzu in na tuna ina ji. Na tabbata kafin motarsa ta kai Baleyara Baba ya yi nadama, amma jini ɗaya ne, bakinsa ya yi nauyi. Duk azumi sai ya aiko da sukari da atamfa, ita kuma ta rabar wa maƙwabta ko ɗanɗanawa ba ta yi. Sunan da take kiransa da shi, autan Inna, ya ɓace daga bakinta, ya koma "wasu mutane". Sai dai duk sanda muka yi salula, kafin ta ajiye sai ta kewayo. "Can bakin teku har yanzu kullum ruwa aka yi? Wasu mutane tun suna goye ƙirjinsu bai son sanyi." Ni kuma in ce wasu mutane suna lafiya.

To, wannan ce matar da aka ce ta ciji salula don fushi.

Na share fuskata na ce, "Baba, taso mu tahi ɗakin Gwaggo."

Ya yi jinkiri, amma ya taso. Mata suka dare suka ba shi hanya, sannan suka biyo mu suka cika bakin ƙofa, masu gardamar nan biyu a gaba. Na sa aka kira suruka. Rediyon yana kan kujerarsa, ludayin yana ƙarƙashin matashi inda na san zan same shi, mariƙinsa duk sawun haƙori. Alkawari na yi mata, gaskiya ne, amma ita da kanta ta kwance shi ranar da ta yi cizon a gaban jama'a.

Na kunna rediyon na rage shi ƙasa sosai, na kife ludayin a bakinsa. "Baba, toshe kunnuwanka, ka ciji nan."

"Ni da hurhurata, gaban mata?"

"Yayarka ta hi ka hurhura, Baba."

Ya harare ni, ya sa yatsu a kunne, ya sunkuya ya ciza. Na ga idanunsa sun buɗe. Ya saki, ya sake cizawa, ya sake saki.

"Cikin kaina yaka magana," in ji shi.

"Haka taka jin labarai tun ina ƙarama. Haka taka jin salula. Kunnenta bai taɓa ɗaukar salula ba, sai haƙora."

Baba ya daɗe yana juya ludayin a hannunsa, yana shafa sawun haƙoran da babban yatsa. Sai ya ce, a hankali, "Ashe da gaske ba ta ji Inna ba." Ya kife fuskarsa a hannun riga ya yi kukan da bai yi ba tun isowarsa. Ban hana shi ba. Matar nan da ta ce abin da Gwaggo ke so shi take ji ta ja mayafi ta rufe baki, tana ta salati.

Da ya lafa na juya ga suruka na ce ta faɗi yadda aka yi, kada ta rage komai. Ta sunkuyar da kai.

"Ruwa aka yi bisa kwano awa ana zuba tsakuwa, mu kanmu ba mu jin komi. Na ce mata Baba na, na aza mata ga kunne, tat ture hannuna. Ɗaki cike da mutane, har da dangin mijinta. Tad daɗe tana dubin su ɗai-ɗai, kana ta amshe salular tas sa ga baki. Mun yi mun yi ta saki, ta ƙiya, hawaye na zuba. Sai da rezo ya ɗauke, layin ya yanke. Mun ce ko zahin ciwo na, ko hushi, shi as sa munka ɓoye, don kada a yi da ita."

"Da ta saki, mi tac ce?"

"Ruɗin ciwo na, Madam."

"Hwaɗi dai."

"Tac ce autan Inna na tari. A dahwa mishi citta da kanunhwari a sa zuma, kada a ba shi hura mai sanyi. In ya zaka kuma a yi mishi shimhiɗa nan ɗakinta, zaure akwai iska." Ta ɗago ta dube mu. "Mu ko ba wanda yay yi tari cikin ɗaki, Baba kuma yana Abijan."

Na dubi Baba.

"Tari ya sarƙe ni ina tsakiyar roƙon ta," in ji shi. "Har na ji kunya."

Maƙwabciyarmu Bazabarma ta ce alhamdu lillahi daga bayan mutane, sauran suka amsa. Ni dai na zauna a bakin gadon. Matar da ta yi rayuwarta tana tura ƙyaure don kada a gan ta da abu a baki, ta dubi dangin mijinta ido da ido ta ciji salula, don ta ji ƙanenta. Ba ta ce masa ƙala ba saboda bakin da za ta amsa da shi, da shi take sauraro.

Suruka ta fita da gudu kamar wadda aka sauke wa kaya, ba a jima ba ƙanshin citta ya cika gida. Ta dama kunu mai zafi ta zuba haɗin a ciki ta kawo a ƙwarya, ta tsaya neman abin sha. Baba ya ce ta bari, ga ludayi a hannunsa. Ya sha har ya ga gindin ƙwaryar, ya share gemu, ya tambaya ko akwai sauran tuwon nan da ya mayar. Tsohuwar nan ƙawar Gwaggo ta ce, "Kun gani? Ta mutu ma sai da tas sa shi cin abinci." Aka yi dariya, ta biyu a gidan makokin, wannan karon ba ni kaɗai ba.

Kafin la'asar aka ɗauko jakarsa daga zaure aka shigar da ita ɗakin yayarsa. A nan ya zauna har ya koma, kuma da ludayin ya tafi. Na so in riƙe shi don ajina, amma ban yi gardama ba, ludayin duma bai yi wuya a ƙasarmu ta Kurfai ba.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yalwata mata makwanci, ya yafe mata taurin kanta, mu ma ya yafe mana namu. Ya haɗa ta da Inna a gidan Aljanna, in Inna ta kira ta, ta ji tun kiran farko.